Kwalin Ƙafar Lele

Duk wanda ya taɓa bin layin da ke bayan tashar mota ya san rumfar Basilla, ko da bai san mai rumfar ba. Ita ce ta uku daga kwana, tsakanin mai gyaran waya da mai yankan makulli, kuma warin gam ne zai fara tarbarka kafin ka ga kowa. A ciki za ka tarar da mace a kan guntun benci, ta shimfiɗa buhu a cinya, ta cije ƙananan ƙusoshi a baki, tana ɗinkin takalmi. Sunan yanka tana da shi mana. Amma tun tana 'yar shekara goma mahaifinta ya laƙaba mata Basilla, wato babbar allurar nan ta ɗinkin fata, don in ji shi ba ta lanƙwasa, kuma duk inda ta sa kai sai ta ɓulla ta ɗaya gefen. Sunan ya bi ta gidan miji, ya kuma biyo ta da ta dawo.

Rumfar ta mahaifinta ce. 'Ya'yansa maza biyu suka ce su ba za su ƙare rayuwa suna shinshinar takalman mutane ba, suka nemi aikin ofis. Ita ce ta zauna. Da tsohon ya rasu ta ja bencinsa ta hau, mutane suka yi ta surutu wai ina aka taɓa ganin mace da gyaran takalmi. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ba a yi shekara ba masu surutun suka fara zuwa da takalmansu a leda, suna gaisuwa da ladabi.

Abu ɗaya ta gada daga tsohon da ba ta wasa da shi. Ba ta yarda da lambar da ake bugawa a ƙasan takalmi ba. In ka ce mata kai arba'in da biyu kake sawa, sai ta ce lamba ta kamfani ce, ƙafa kuwa taka ce, cire ka taka nan. Za ta shimfiɗa kwali a ƙasa, ka taka, ta zagaye ƙafar da fensir, ta rubuta kwanan wata a gefe, ta huda kwalin ta zura shi a wata doguwar waya da ke rataye a bango. Rabin unguwar yana jikin wayar nan.

Mijinta direban motar kamfani ne, mai raba kaya a shaguna. Ba mugu ba ne, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Mutum ne dai mai son a ce ya yi. In ya sayo abu sai ya ajiye rasit, in ya yi alheri sai ya tabbatar akwai mai gani. Shekara tara suka yi tare, ba duka, ba zagi, auren ne kawai ya suɗe kamar dunduniyar takalmi, har aka wayi gari babu abin da za a liƙa a kai. Suka rabu 'yarsu ɗaya, Lele, tana da shekara bakwai.

A ofishin sulhun iyali aka zauna aka tsara yadda za a riƙe yarinyar. Za ta zauna wurin uwarta. Uban zai riƙa ba da kuɗin ciyarwa duk wata, zai sayi takalmin makaranta duk zango, kuma Asabar ɗaya cikin biyu za ta wuni a gidansa. Ran nan a bakin ofishin Basilla ta sa Lele ta taka kwali, ta zagaye ƙafar, ta miƙa masa.

"Ga awon ƙafarta, Baban Lele. Da shi za ka saya, kada ka bi lamba."

Ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu, ya ce to.

Takalmin farko ya zo daidai, baƙi sau ciki mai igiya, Lele ta sa shi har ya mutu. Na biyu ya zo ya matse. Na uku ko shiga bai yi ba. Basilla ta juya shi ta duba, ta ɗora shi a kan na biyun, sai ta gane abin da ya faru. Bawan Allah ya kai kwalin nan wani shago ya bar musu, duk zango sai ya biya, su ɗauko irin na da su naɗe masa, ya karɓi rasit. Yarinya tana girma, kwali yana nan yadda yake.

Yayanta, wanda yake leƙo ta a rumfa lokaci lokaci, ya ce, "Ke ma dai da neman magana. Zana sabo ki aika masa, minti nawa ne?"

"Yaya, ƙafar nan da kanta take zuwa gidansa duk bayan sati biyu. Ido biyu gare shi. In yana son sanin ƙafar 'yarsa ya sunkuya ya duba."

"Taurin kan nan naki wata rana zai ja miki."

"Ya ja," in ji ta, ta ci gaba da buga ƙusa.

Ni dai ba zan ce ta yi daidai ba. Amma wanda ya san Basilla ya san da ta aika kwali na biyu gara ta haɗiye guduma. A ganinta ta riga ta yi masa aikin uba sau ɗaya, ba za ta riƙa tauna masa tana sa masa a baki ba. Sai ta koma ɗinka wa Lele takalmi da hannunta daga ragowar fatar da ta rage a aiki, duk zango ta auna ta, ta zura sabon kwali a waya. Na uban kuwa in ya zo sai ta tura shi ƙarƙashin gado cikin kwalinsa, ko igiyar ba ta kwancewa.

Sai wani abu ya fara damunta. Ranar Lahadi take zaunar da Lele ta wanke mata ƙafa ta yanke mata farce. Wata Lahadin sai ta ga bororo a dunduniya, ƙaramin yatsa ya yi ja. Ta sa magani ya warke, bayan sati biyu ya dawo. Tafi tafi har yatsan ya yi kanta. In ta tambaya sai Lele ta ce ba ya zafi. Basilla ta ɗauka aikinta ne ya gaza, kuma wannan ya ci mata rai fiye da duk abin da aka taɓa faɗa mata. Ita da ta gyara wa rabin gari tafiya, a ce takalmin hannunta ne ke cin ƙafar 'yarta. Sau uku ta farke takalmin ta sake ɗinki, ta buɗa gaba, ta sa laushin fata a dunduniya. Bororon bai fasa dawowa ba. Ba ta gaya wa kowa ba, kunya ta hana.

Shekara biyu suka wuce. Kayan masarufi suka tashi, kuɗin makaranta ya ƙaru, abin da aka yanka tun Lele tana shekara bakwai ba ya kai su tsakiyar wata. Basilla ta je ofishin ta cike takarda a sake duba kuɗin. Ba roƙo ta je ba, ta faɗa wa magatakarda haka, haƙƙin yarinya ta zo nema.

Bayan kwana goma amsa ta zo a ambulan. A tsaye ta karanta a bakin rumfa. Baban Lele ya ce shi bai taɓa fashin wata ba, ga takalma shida da ya saya da rasit ɗinsu, a lissafa su cikin abin da yake bayarwa. Wannan bai ɗaga mata hankali ba. Layin ƙarshe ne ya sa ta nemi benci ta zauna. Ya ce ya lura duk ranar da yarinya ta zo gidansa tana ɗingishi, alamar ba a kula da ita, don haka yana neman a mayar da riƙonta hannunsa, yayarsa za ta riƙa dubanta.

Tsoro ya kama ta, ba kaɗan ba. Don ɗingishin gaskiya ne, ita ma ta gani, kuma a zuciyarta ta riga ta yanke cewa laifin hannunta ne. In aka tambaye ta a gaban hukuma me za ta ce? Mai yankan makulli ya leƙo ya ce lafiya, ta ce lafiya ƙalau, ta ninke takardar. Da ta koma gida ta durƙusa ta jawo kwalayen ƙarƙashin gado. Biyar ya kamata ta samu, tunda na farko ya mutu. Ta samu kwali biyar, amma huɗu ne da takalmi a ciki, na biyar wayam. Ta tambayi Lele. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin rigarta. Basilla ba ta da lokacin bincike, ta zuba huɗun a buhu da kwalayensu.

Ranar zaman da safe ta rufe rumfa, abin da ba ta yi ko da zazzaɓi. Ta ɗauko Lele daga makaranta da jakarta a baya, ta zaunar da ita a bencin baranda, ta shiga da buhunta. Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya, kujeru huɗu, fanka tana juyi da ƙyar. Jami'ar sulhun dattijuwa ce mai tabarau da sarƙa, ga alama ta gaji da jin ƙarya tun kafin a fara. Baban Lele yana zaune cikin wando mai karin guga, da fayil a cinya. Kusa da shi yayarsa, wadda Lele ke kira Gwaggo, ta naɗe hannu tana kallon buhun kamar an shigo da shara.

Jami'ar ta yi musu bayani dalla dalla. Ta ce ba da ka ake yanka kuɗin ciyarwa ba. Ana duba abin da uba ke samu da abin da uwa ke samu. Ana duba buƙatar yarinya a shekarunta na yanzu, ci da sha, makaranta, magani, sutura. Ana duba a gidan wa take kwana. Abin da aka saya aka kai da hannu kuma ana cire shi daga kason wanda ya saya. Sannan a raba nauyin gwargwadon ƙarfin kowa.

Baban Lele ya buɗe fayil ya jera rasit shida a tebur, kowanne a miƙe kamar an goge shi.

"Ke fa, naki takardun?" jami'ar ta tambayi Basilla.

"Ranki ya daɗe, mai kayan miya ba ya ba da rasit. Amma na zo da nawa."

Ta zazzage buhun. Takalma huɗu suka zubo, baƙaƙe, sababbi fil, ko ƙura babu a ƙasansu. Sannan ta fito da kwalayen awon Lele da ta zare daga wayar rumfa, kowanne da zanen ƙafa da kwanan wata. Ta jera su daga ƙarami zuwa babba. Ta ɗauki takalmi ɗaya ta ɗora a kan kwalin ƙarshe. Layin fensirin ya leƙo ta gaba da faɗin yatsa biyu.

"Shekara biyu ƙafa ɗaya yake saya wa takalmi, ƙafar 'yar shekara bakwai. Yarinyar nan tara take. A cire su daga lissafi ko a bar su, ni dai ban ga abin da suka ciyar ba."

Ta zaci zai yi shiru. Sai ta ga ya yi murmushi, irin na wanda ya kama ɓarawo.

"Ranki ya daɗe, ba gaskiya ba ne. Takalmina yarinyar nan take sawa. Duk Asabar da shi take shigowa gidana, baƙi mai igiya. Ko Asabar ɗin da ta wuce da shi ta zo. Yaya shaida ce."

Gwaggo ta gyaɗa kai. "Da idona."

"Da nawa take fita," in ji Basilla. "Ruwan ƙasa mai maɗauri. Ni nake ɗaure mata, ni nake sa ta a mota."

Jami'ar ta dube shi, ta dube ta, ta cire tabarau. Ta ce ita dai ba ta ga alamar mai ƙarya a cikinsu ba, a shigo da yarinyar.

Lele ta shigo tana riƙe da igiyar jakarta. Jami'ar ta ja mata kujera, ta ce ba wanda zai yi mata faɗa, ta tambaye ta wane takalmi take sawa in za ta gidan Baba. Yarinyar ta dubi uwarta, ta dubi ubanta. Sai ta sauke jakar, ta zuge wani ƙaramin aljihu na can ƙasa, ta ciro leda. A ciki takalmi na biyar ne.

Basilla ce ta fara kai hannu. Ita da takalmi ba sai an yi mata bayani ba. Bayansa ya karye don an sha taka shi, gaban ya kumbura, fatar ta tsage a daidai ƙaramin yatsa. Ta zura yatsunta ciki ta shafa, ta ji gurbin yatsu biyar a dunƙule. Duk ɗinkin da ta farke, duk kunyar da ta haɗiye, ashe takalminta bai taɓa cin ƙafar yarinyar ba.

"A ina kike canzawa?" ta tambaya a hankali.

"A bayan shagon da ke kusa da gidan Baba. In zan dawo sai in sake sa naki."

"Me ya sa, 'yata?" in ji jami'ar.

"In na shiga Baba ƙasa yake fara kallo. In ya ga nasa sai ya yi dariya, ya ce ashe Mama ta ba ni." Ta ɗan tsaya. "In na ce ya yi mini kaɗan zai ji ba daɗi. In na ce wa Mama ta aika sabon kwali ita ma za ta ji ba daɗi."

Murmushin Baban Lele ya ɓace, ya zuba wa ƙafar 'yarsa ido kamar yau ya fara ganinta. Gwaggo ce ta fara farfaɗowa.

"To kin gani, ranki ya daɗe. Uwa ce a ce yarinya tana wannan wahala shekara guda ba ta sani ba? Ai wannan kaɗai ya isa a ba mu ita."

Basilla ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ta.

"Ban sani ba, Yaya, gaskiya kika faɗa. Kuma da na sauke girman kai na zana kwali ɗaya, da ƙafar nan ba ta yi kanta ba. Wannan nawa ne, na ɗauka, ba sai an ɗora mini ba. Amma ni duk Lahadi ƙafar nan tana cinyata, ina wanke ta, ina sa mata magani, ina zargin hannuna. A gidanku wuni take yi tana ɗingishi a gabanku, ku biyu, ba wanda ya taɓa cewa cire mu gani. Takarda kuka rubuta. Yarinyar nan ba inda za ta."

Gwaggo ta buɗe baki, ƙanenta ya dafa mata hannu ta rufe.

Jami'ar ta mayar da tabarau ta yi rubutu mai tsawo. Ta ce riƙo yana nan wurin uwa. Ta ce takalmin da bai shiga ƙafar yarinya ba ba a lissafa shi a matsayin sutura, ta ture rasit biyar gefe. Ta duba takardar albashinsa, ta tambayi Basilla abin da rumfa ke kawowa a wata mai kyau da wata marar kyau, ta ɗauki tsakiya, ta yanka sabon kuɗi, ta ce za a sake dubawa duk shekara tunda yaro ba ya tsayawa wuri ɗaya. Daga nan ta ce don a huta, a mayar da takalmin kuɗi a haɗa da na wata, uwa ta riƙa yi da kanta.

"A'a, ranki ya daɗe," in ji Basilla. "A bar takalmin a kansa."

Jami'ar ta ɗago. "Kin san sauƙi nake nema miki?"

"Na sani, na gode. Takalmi ba ya gagara ta, sana'ata ce. Amma in aka mayar da shi kuɗi, ya huta ke nan har abada, aikawa kawai zai riƙa yi. A rubuta cewa duk zango shi zai auna ta da hannunsa."

Ba ta jira amsa ba. Ta jawo murfin kwalin takalmi ɗaya ta ɓare gefunansa, ta shimfiɗa a ƙasa. Ta zaro fensir daga bakin ɗankwalinta ta ajiye a kan fayil ɗinsa, a kan rasit ɗin.

"Lele, cire ki taka."

Baban Lele ya ɗauki fensirin. Sannan ya tashi, ya durƙusa a simintin ofis da wandonsa mai kari, ya kama dunduniyar 'yarsa. Da yatsansa ya taɓa kantar sai ya tsaya cak, ya sunkuyar da kai. Lele ta dafa kafaɗarsa don kada ta faɗi. Ya fara zagayawa.

"Miƙe fensirin, ka kwantar da shi," in ji Basilla daga inda take tsaye. "Ka bar mata faɗin yatsa ɗaya a gaba. Girma take yi."

Ya gyara, ya bar mata.

Sababbin takalman huɗu Basilla ta raba wa yaran layin washegari. Na biyar ɗin ta ɗaure igiyoyinsa ta rataye a ƙusa a rumfa, kusa da wayar kwalaye, daidai inda idonta ke sauka in ta ɗago daga aiki. Yanzu duk wanda ta auna, yaro ne ko babba, bayan ta zagaye ƙafar sai ta ce ya gaya mata gaskiya ina ke masa ciwo, kuma ba ta karɓar "babu" a karon farko. Lele kuwa duk farkon zango tana dawowa daga gidan ubanta da baƙin fensir a gefen ƙafa.

Baƙin da ba su san labarin ba sukan nuna takalmin da ke rataye su ce wannan fa, mai shi ya manta da shi ne, ai ɗinki kaɗan yake so.

"Mai shi tana nan," Basilla takan ce, ba tare da ta ɗago ba. "Wannan ba na gyara ba ne."